Yahuza Mai Rediyo da Kwanon Awon Safara'u

Shekara da shekaru, da an sallame sallar asuba jama'a sun watse, Malam Yahuza ba ya komawa gida. Yakan rataya 'yar jakarsa ya gangara bakin kogi, ya sami wuri ya tsuguna kamar mai jiran a haye da shi. Sai ya zaro rikoda, ya miƙa ta saitin ruwa, ya ɗauke numfashi. Masunta sun saba da shi. Idan kwale-kwale ya matso gaɓa, sai wani ya ɗaga murya, "Malam, yau me ka kama?" Shi kuwa sai ya kashe na'urar tukuna, sannan ya ce, "Tuƙinka na kama, ka zo ka ɓata mini shi da surutu. Koma ka sake." Sau da yawa mutumin yakan koma ɗin, yana dariya.

Daga nan, in ranar kasuwa ce, ya bi ta kara ya ɗauki kukan shanu da hayaniyar dillalai. In ba ranar kasuwa ba ce, ya tsaya wajen maƙera, ko bakin rijiya, ko ƙofar gidan da ake daka. Da hantsi ya buɗe rumfarsa, ya zauna cikin wayoyi da ƙaurin dalma yana gyaran rediyon mutane har la'asar. Abin da yawancin mutanen Wudil suka sani game da shi ke nan: mai gyaran rediyo ne, mai ɗan taɓin wasa.

Bana masunta ba su gan shi ba. Kunnuwansa sun yi nauyi, sai an maimaita masa magana, ya ce wanda ba ya ji da kyau bai kamata ya shirya wa mutane abin ji ba. Ya naɗe wayoyinsa ya ajiye. Kuma garin nan ko tari bai yi ba. Garin da ake kafa rumfuna a jera kujeru saboda an ƙara wa wani girma a ofis, garin da ake rufe titi saboda an buɗe shagon lemo, shi ne ya bar wannan bawan Allah ya sauka shiru kamar wanda ya gama sharar ƙofar gida. To, tun da masu kujeru ba za su faɗa ba, bari a faɗa a nan.

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan, daga Indabo har Lajawa, ya san Unguwar Kanya, wasan kwaikwayon da wata tashar rediyo ta Kano ta daɗe tana sawa bayan la'asar. Mata kan sauke taɓarya idan aka buga kiɗan farkonsa. Manoma kan rataye rediyo a reshe su yi ta noma suna musu da mutanen cikinsa. Yahuza ne ya ƙago unguwar, shi ya rubuta kowace magana da aka yi a cikinta, shi ya haɗa muryoyin, a wani ɗakin ƙasa da ke bayan gidansa. Tashar ba ta taɓa faɗin sunansa yadda kunne zai kama ba. Sai a ƙarshe, cikin sauri, kiɗa ya riga ya danne.

Masu cewa wasa ne, su zo su ji yadda ake wasan.

Yahuza ba ya ɗora alƙalami sai ya san inda labari zai tsaya. Yakan ce wa masu koyo a wajensa, "Ka fara sanin ƙarshe. In ba ka san inda za ka sauke mutane ba, kada ka ɗauke su." Idan ya san ƙarshen, sai ya yanka labarin kashi-kashi, kowane kashi ya tsaya a inda mai sauraro zai ce, to sai kuma me? Ba ya cika fage da mutane. Ya ce kunne ba ya riƙe taro, in muryoyi suka yi yawa sai su zama hayaniyar kasuwa. Ba ya kuma haɗa masu murya iri ɗaya a fage guda. In akwai mai kauri, sai ya kawo mai siriri. In akwai mai sauri, sai ya sa masa mai jan magana. Kuma dole mutanen wasa su riƙa kiran juna da suna, kamar yadda ake yi a gida, domin mai daka da mai noma ba su da idon da za su ga wanda ya buɗe baki.

Abin da ya fi tsana shi ne ɗan wasa ya tsaya yana ba da labarin abin da idonsa ke gani. Wani ya taɓa kawo masa rubutu, a ciki miji yana cewa, "Ga shi na shigo gida, ga ki kina tsaye bakin murhu riƙe da muciya." Yahuza ya dube shi ya ce, "Kai haka kake yi wa matarka sallama? A ji ƙarar ƙyaure, a ji tafasar tukunya, ya ce, 'Har yanzu ba a sauke ba?' Shi ke nan kowa ya ga murhun."

Ɗakin ma da dalili ya zaɓe shi. Ginin bulo mai rufin kwano yana mayar da murya, na ƙasa kuwa shanye ta yake. Ya bi bangon ya rataye tsofaffin barguna da buhuna. Kafin a fara ɗauka, mata su tuɓe awarwaro, maza su cire takalma masu ƙara, a shimfiɗa takardun a kan zane don kada a ji motsinsu. Wanda bai iya karatu ba, Yahuza ya zauna da shi ya yi ta biya masa har maganar ta zauna a bakinsa, in ya sauya kalma da wadda ta fi daɗi a bar masa. A tsaye ake yi, domin muryar mai zama kasala gare ta. Mai raɗa ya matso makirfo, mai kira daga nesa ya ja baya har jikin bango. In injin niƙan maƙwabta ya tashi, a dakata. In an kusa kiran salla, a tashi, sai gobe. Kuma duk abin da aka ɗauka sai ya kwafe shi wuri biyu kafin ya saki kowa ya tafi.

Amma babban gwajinsa shi ne zana. Kafin a ɗauki kowane kashi, sai ya kafa zana a tsakar gida, 'yan wasa su tsaya a bayanta, a wannan ɓangaren kuma ya zaunar da matarsa Rahinatu da maƙwabciyarsu Gwaggo Uwa, ya ba su gyaɗa su yi ta ɓara. Ya ce mai sauraron rediyo hannunsa ba ya zama banza, saboda haka da mai aiki za a gwada. Idan Gwaggo Uwa ta ɗago kai ta ce, "Wai wane ne wannan yake magana?" sai a koma a gyara. Idan ta ce, "A ina suke yanzu?" sai a nemo sautin da zai faɗi wurin. Idan kuwa ta manta da gyaɗar ta yi sororo, Yahuza ya ce, "Ya nuna. Ku shiga ɗaki."

Da wata ƙa'ida da ya riƙe da ƙarfi: ba a faɗin sunan 'yan wasa. Ya ce da zarar an san fuska, murya ta rage daraja. Shi ya sa shekaru suka yi ta wucewa babu wanda ya san su wane ne mutanen Unguwar Kanya, alhali tare ake cin kasuwa da su. Wannan ƙa'idar ce ta jawo abin da ya sa ake wannan rubutu.

Safara'u mai awo ce daga Kausani. Duk ranar Juma'a tana zaune a layin masu hatsi da buhunan gero da dawa, da kwanon awonta, da shi take ci da gidanta. Allah ya ba ta murya mai gishiri da dariya mai shiga kunne. Yahuza ya ji tana ciniki wata rana, ya bi ta hannun yayanta ya nemi izini, ya sa ta a wasan. Ya ba ta matsayin Hansai, mai awon da ta buge gindin kwanonta ya shige ciki, tana tauye mutane tana yi musu addu'a. A ganinsa ya dace ƙwarai, wa zai iya maganar masu awo kamar mai awo? Har ya ƙago dabarar da za a ji zambar da kunne: idan mai gaskiya ta juye kwano, zubin geron ya yi tsawo, idan Hansai ta juye, ya katse da wuri. Da ya katse sai ta yi 'yar dariyar nan ta ce, "Allah ya amfana, 'yar nan." Wannan kalma ba Yahuza ya rubuta ta ba. Ta Safara'u ce, da ita take sallamar duk wadda ta yi awo a wajenta tun tana amarya. Ta suɓuce mata a ɗakin ɗauka, ya ji ta yi daɗi, ya bar ta.

Hansai ta yi suna. Aka tsane ta tsana mai daɗi, irin wadda ke sa a ƙagu mako ya zagayo.

Sai wata Juma'a wata mata daga Lajawa ta yi awon gero a wajen Safara'u. Aka juye mata, Safara'u ta yi dariya ta ce, "Allah ya amfana, 'yar nan." Matar ta tsaya cak. Ta dubi 'yar'uwarta ta ce, "Ke, kin ji? Wallahi ita ce. Hansai ce!" Ta fizgi kwanon ta kifa shi tana shafa gindinsa. Lafiyayye ne sumul. Maimakon ta ji kunya sai ta ce, "Ai ta san za a duba, ta ɓoye ɗayan." Ta juye geron a ƙasa ta tafi.

Kafin wata ya mutu magana ta gama kasuwa. Mata su zo su tsaya nesa suna nuna ta da baki. Wadda ta daure ta matso, sai ta kifa kwano ta duba. Shugabannin layin hatsi suka zo suka gwada kwanon da nasu a gaban jama'a, ya cika daidai, amma aka ce an rufa mata asiri ne. Buhunan da take zuwa da su haka take komawa da su. Wanda ya fi ci mata rai ma ba a kasuwa ya faru ba. A Kausani, tun da daɗewa, in ana suna ko biki ita ake ba mara ta raba tuwo, saboda an san hannunta ba ya son kai. Ranar wani suna ta miƙa hannu za ta ɗauka, uwar gidan ta riga ta, ta ce, "Bar shi, Safara'u, huta. Kada a tauye baƙi." Mata suka kwashe da dariya.

Ku dubi wannan rashin hankali. Matar da suka yi shekaru suna awo a wajenta, ba ta taɓa cin ƙwayar kowa ba, sun ga kwanon da idonsu, sun shafa da hannunsu, amma suka ƙaryata ido da hannu suka gaskata akwatin da ke magana da batir.

Ta zo rumfar Yahuza da hantsi, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya an gama ba.

"Malam, ka ga abin da ka ja mini?"

"Na ji, Yaya Safara'u. Wallahi na ji. Zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba. Sunana na zo karɓa. Kai ka ara, ka dawo mini da shi."

Ya ce zai sa a yi sanarwa. Aka yi, kafin shiri da bayansa, cewa mutanen Unguwar Kanya ƙage ne, ba su da alaƙa da kowa. Mutane suka ce, "Ai dole su ce haka." Ta dawo. Ya ce to zai sa Hansai ta tuba, ta tara jama'a ta fasa kwanon zamba.

"A'a," in ji ta. "In ta tuba, ni na tuba. Ka ga ke nan dā ina yi."

"To in kashe ta mu huta."

"Ka kashe ta a ce alhakin mutane ne ya kama ni? Ina zaune da raina a zo yi wa 'ya'yana gaisuwa? Malam, kai ne mai dabarar sa gero ya yi magana. Nemo wata."

Yahuza ya yi kwanaki yana gyara rediyo yana ɓatawa. Laifin ya san nasa ne, bai ɗora wa kowa ba. Shi ya ba mai awo matsayin ɓarauniyar awo, shi ya bar mata kalmarta, shi ya hana a san 'yan wasa. Kuma ya ga hanya ɗaya ce ta rage, sai dai hanyar ta bi ta kan abin da ya fi ƙauna.

A cikin Unguwar Kanya akwai Mai Unguwa Nu'uman, dattijo mai sanyin murya wanda ke raba kowace rigima. Mutane sun ɗauke shi kamar uba. An ji mata suna cewa da ma mazajensu su yi rabin haƙurinsa. An ji magidanta suna kafa hujja da maganarsa a zaure. Wanda ke yin muryar nan kuwa Ɗan'auta ne, ɗan kamashon tashar mota, wanda duk Wudil ta san shi da faɗa da fasinja da jajayen haƙoran goro.

Yahuza ya same shi a tasha ya ja shi gefe ya gaya masa abin da yake so a yi. Ɗan'auta ya dube shi.

"Malam, in suka gan ni, Mai Unguwa ya mutu fa."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Duk duniyar nan wuri ɗaya ne in na buɗe baki ake yin shiru a saurara. Shi za ka karɓe."

"Ni ma shi ke nan gare ni, Ɗan'auta. Amma ita abincin 'ya'yanta ne da mutuncinta. In ka ƙi ba zan ga laifinka ba."

Ɗan'auta ya tofar da goro ya ce, "Wace Juma'ar?"

Rahinatu ma ta faɗa masa gaskiya a gida. Ta ce, "Malam, mutanen nan ba za su gode maka ba. Za ka fasa musu abin wasansu, haushinka za su ji." Ya ce ya ji. Ta ɗauko masa zanar da kanta.

Ranar Juma'a da safe, kasuwa ta fara cika, aka kafa zana a bakin layin masu hatsi, aka ɗaura lasifikar aro a jikin rumfa. Sai ga kiɗan Unguwar Kanya ya tashi. Mutane suka bar ciniki suka yo ca. Aka ji ruwan sama yana sauka alhali rana tana bisa. Aka ji jaki ya shigo da kaya. Aka ji Hansai ta juye kwano zubin geron ya katse da wuri, ta yi dariyarta, mata suka hau tsaki da Allah wadai. Sannan Mai Unguwa Nu'uman ya yi gyaran murya ya fara nasiha a kan haƙƙin maƙwabci, kasuwa ta yi tsit, wani tsoho har yana cewa, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

Yana tsakiyar magana Yahuza ya kama zanar ya yaye.

Ga ruwan sama: gero ne ake zubawa a kan faranti. Ga jaki: ƙoƙuna biyu ne ake bugawa a kan tiren yashi. Ga Safara'u tsaye da mayafinta, tana kallon mutane ido cikin ido. Ga kuma Mai Unguwa Nu'uman, da kodaɗɗiyar rigar tasha da hula a karkace, bai daina nasihar ba, da muryar nan tasa mai sanyi, haƙora jajaye.

Jama'a suka ƙura masa ido. Sai wani daga baya ya ce, "Kai! Ɗan'auta ne!" Dariya ta ɓarke har masu shanu suka leƙo daga kara.

Yahuza ya karɓi makirfo. Ba mai yawan magana ba ne, ranar ma bai yi da yawa ba.

"Jama'a, kun ga ruwan samanku, kun ga jakinku. Ni na rubuta Hansai, ni na sa mata magana a baki. Baiwar Allah nan murya kawai ta ara mini. In kun ce Safara'u ita ce Hansai, to Ɗan'auta shi ne Mai Unguwa. Daga yau ku kai masa rabon gadonku da rikicin gonakinku, ya yanke muku."

Ɗan'auta ya gyara hula ya ce da muryarsa ta tasha, "Ku zo, wallahi duk sai na haɗa ku faɗa!"

Aka sake kecewa. Tsohon nan da ya ce ranka ya daɗe ya sulale ya bar wurin. Kafin a tafi masallaci, wata mata ta matso wajen buhun Safara'u ta ce a auna mata dawa, ba ta kifa kwano ba. Wata ta biyo ta. Sannu a hankali, Juma'a bayan Juma'a, masu sayen hatsi suka dawo mata. A Kausani ma aka wayi gari an miƙa mata mara a wani biki, kamar ba a taɓa karɓewa ba.

Unguwar Kanya kuwa ba ta tashi ba. Da Mai Unguwa ya yi gyaran murya a rediyo sai a fashe da dariya a rumfuna, wani ya ƙwala, "Kano! Kano! Saura mutum ɗaya!" Nasihar da ke sa a yi shiru ta koma abin tsokana. Labari ya kai tashar rediyon cewa shirin ya lalace a ƙasar da aka fi jin sa, suka sauke shi ba ko sallama. Yahuza ya ci gaba da yin wasu, ana tura su a waya ana sa su a memori, wasu ma sun yi kyau ƙwarai, amma babu wanda ya kai waccan unguwa. Daga ranar ya sauya ƙa'ida. Duk wasan da ya yi, a ƙarshe kowane ɗan wasa zai faɗi sunansa da muryarsa ta gida, ya faɗi wanda ya fito a matsayinsa. Kuma bai sake ba wani mugun matsayi a cikin sana'arsa ta gaskiya ba. Mahauci ya fito a azzalumin dillali, dillali ya fito a maƙaryacin tela, amma kowa a nesa da abincinsa.

Abin da Rahinatu ta faɗa kuwa bai faɗi ƙasa ba. Har yau akwai masu zama a rumfar mai shayi suna cewa Yahuza ne ya kashe musu shiri da hannunsa. Ku ji fa! Su suka ɗauki wasa suka mai da shi wuƙa suka daɓa wa baiwar Allah, da aka karɓe wuƙar sai suka koma kukan an ɓata musu nishaɗi. Ɗan'auta ya koma tasha, babu wanda ya taɓa dafa kafaɗarsa ya ce sannu da abin da ka bayar. In an gan shi sai dai a ce, "Ranka ya daɗe, Mai Unguwa," a yi dariya. Yakan yi dariyar tare da su, amma wanda ya san shi ya san ba ta kai ciki ba.

Malam Yahuza, kai ne ka sa makaho da mai ido suka ga abu ɗaya. Kai ne ka ɗauki kukan shanun garin nan da tuƙin masuntansa ka kai su kunnen mutanen da ba su taɓa taka Wudil ba. Kai ne ka yi kuskure irin na mai son aikinsa ya yi kyau, da ka gane ba ka ce tsautsayi ne ba, ba ka ce jahilcin mutane ne ba, ka ɗauki aikin rayuwarka ka biya da shi a tsakiyar kasuwa. Na Rahinatu, kunnen gari. Mun ga masu ƙona mutum don shirinsu ya haskaka, kai ka kashe shirinka don mace ɗaya mai awo ta ɗaga kai. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya, ya sa abin da ka ji na ƙarshe a duniya ya zama kalmar shahada. Kai ma Ɗan'auta, Allah ya ba ka wurin da za a yi shiru a saurare ka.

Ku kuma samari da 'yan mata masu ɗaukar murya a waya, kuna haɗa wasanni kuna turawa duniya, madalla da ku, aikin ya zo hannunku. Amma mutumin nan yana nan a rumfarsa, kunne ne ya yi nauyi, kai da baki lafiya lau. Ku je ku durƙusa ku ɗaga murya ku tambaye shi. Zai gaya muku yadda ake gina fage da yadda ake sa shiru ya yi magana. Zai kuma gaya muku wanda ya fi wannan, cewa muryar da kuka ara ta mutum ce mai gida da dangi da maƙwabta, da ita zai koma kasuwa gobe bayan kun kashe na'ura.

Saura ku. Kun san kanku, ba sai an kira suna ba. Wadda ta juye gero a ƙasa, da waɗanda suka kifa kwano suna shafa gindinsa, da wadda ta karɓe mara, da waɗanda suka yi dariya a gidan sunan. Kun dawo kuna awo kamar ba a yi komai ba, kuna ganin ciniki ya wanke ku. Bai wanke ba. An tambayi Safara'u kwanan baya ko a cikin duk mutanen nan akwai wanda ya taɓa buɗe baki ya ce ta yafe masa. Ta ci gaba da share bakin kwanonta, ta ce, "Har yanzu dai ina sauraro."

Tana nan layin masu hatsi ranar Juma'a, Yahuza yana rumfarsa kullum, dukansu da ransu. Ku je tun ana jin ku.